CINIKIN BIRI A SAMA: YADDA MUKE SAYEN GIDA A KURMI



Yau kam da ɓacin rai na zauna wannan rubutu, kuma tun da wuri ina neman afuwar iyayenmu da za su ga kamar na yi musu rashin kunya. Na san ni yaro ne, ko aure ban yi ba balle a ce na taɓa sayen gida. To amma abin da idona ya gani ya gani, kuma in muka ci gaba da yin shiru saboda kunya, wata rana kunyar ce za ta kai mu maƙabarta.

Mahaifina ɗan kasuwar goro ne a Agege, a gindin rumfarsa na tashi. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin Baba ya biya kuɗin huhun goro bai sa an kwance shi ba. Zai zura hannu har ƙasa, ya ɗebo na tsakiya, ya ɓare, ya duba ko da sankara, domin ya san mai sayarwa a sama yake jera masu kyau. Haka 'yan uwanmu na Oko-Oba, ba mai sayen sa bai buɗe bakinsa ya ga haƙori ba. Haka na Mile 12, kwandon tumatir sai an leƙa ƙarƙashinsa. A kan kayan dubu hamsin Bahaushe zai yi awa guda yana juyawa yana taya. To don Allah jama'a ku gaya mini, me ya sa mutumin nan dai, ranar da zai zuba miliyoyin da ya tara shekara ashirin a gida, sai ya shiga ya kalli fenti da tayil, ya ƙirga ɗakuna, ya ce Allah ya sa albarka?

Kada a ce na yi mana rashin adalci, akwai abubuwan da muke dubawa. Muna bin takarda, muna tambayar C of O, muna neman sanin ko omo onile za su dawo su ce ba a sallame su ba. Muna tambaya ko ruwa na kwanciya da damina, ko akwai masallaci kusa, ko akwai namu a unguwar, musamman tun bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairun 2021 da ya tuna wa kowa cewa inda za ka kwana ba abin wasa ba ne. Duk wannan daidai ne. Amma tsoron namu duka na abin da zai zo daga waje ne. Abin da ke cikin bango da cikin silin, wanda za mu kwana da shi mu tashi da shi, ba mai tambayarsa. Ban taɓa jin an ce wani Alhaji ya fasa sayen gida don an buɗe akwatin wuta an ga ɓarna ba. Dalili kuwa ba a buɗewa ne.

Bari in ba ku labarin da ya sa ni wannan magana.

A shekarar 2022 Kawuna ya sayi gida a bayan gari, can ɓangaren Ogun, bayan ya shekara kusan talatin yana haya. Ranar da aka tare har da yanka rago. Gidan fes, sabon fenti, sababbin makunnai farare a bango, ga rijiyar burtsatse da injin tura ruwa. Dillalin namu ne, Bahaushe, tare suke salla. Na tuna na ce wa Kawu a hankali, "Kawu, da an kira mai aikin wuta ya duba kafin a cika kuɗin." Sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, ba ga fanka na juyawa ba? Wutar me kuma za a duba?" Na ja bakina na yi shiru, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Wata biyar da tarewa, da damina, an yi ruwa an ɗauke, ƙanwata 'yar Kawu mai shekara bakwai ta fita ba takalmi za ta tari ruwa. Tana kama ƙarfen famfon sai wuta ta riƙe ta. Ko ihu ba ta iya yi ba. Allah ya sa yayanta na tsakar gida, kuma Allah ya ba shi dabarar da bai kama ta da hannu ba, ya ruga ya kashe babban makunni. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta yi kwanaki a asibiti, kuma har yau akwai tabo a tafin hannunta na dama, yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa sosai. Yarinyar da ke son rubutu a makarantar allo, yanzu da hagu take koyo.

Sai bayan haka aka kira mai aikin wuta na gaske, ni na riƙe masa tsani. Abin da muka tarar ya fi ƙarfin a kira shi sakaci. Gidan gaba ɗaya babu wayar ƙasa, wato sandar jan ƙarfen nan da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa ta da jikin duk wani ƙarfe mai amfani da wuta. A cikin soket kuwa ramin na uku yana nan, amma bayansa ba a ɗaura komai ba, ado ne kawai. Fis biyu sun ƙone tun tuni, an naɗa musu waya a madadinsu. A cikin silin, an haɗa wayoyi an murɗa da hannu an naɗe da ledar burodi, ɓeraye sun gaigaye wasu har jan ƙarfen ya fito, ga su kwance a kan katako. Wayar da ta tafi injin ruwa an binne ta ba bututu, an yi mata ƙulli a tsakiya, ruwa ya shiga. Sabon abu ɗaya ne a gidan: fararen makunnan nan da aka sa don idon mai saye. Irin goron saman huhu ke nan.

Mai aikin ya yi mini bayani, ni ma bari in isar yadda na fahimta. Wutar gidajenmu ƙarfinta kusan bolt 230 ne, kuma kullum hanya take nema ta sauka ƙasa. In waya ta goge ta taɓa jikin injin ruwa ko firji ko hita, in akwai wayar ƙasa, ta nan za ta bi, fis ya ƙone ko bireka ta faɗi, wuta ta ɗauke. In babu, sai ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran wanda zai zama hanya, kuma ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti ita ce hanya mafi sauƙi. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura da ake sawa a akwatin wuta, masu sana'ar na kiranta RCD, wadda da ta ji wuta 'yar kaɗan ta zurare, kamar miliyam 30, sai ta katse nan take. Kuɗinta bai kai na ragon da aka yanka ranar tarewa ba.

Haka zancen kaurin waya. Kwan fitila da fanka waya mai milimita 1.5 ta ishe su, soket yana son 2.5, abubuwa masu jan wuta kamar na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka da murhun lantarki suna son 4 ko 6, kowanne da layinsa. Mai gini don sayarwa kuwa sai ya sayi siririyar ya bi gidan duka da ita, wani lokacin ma ba jan ƙarfe ba ce, alminiyom ce aka yi wa rufin ja. Kai ka tare, Allah ya buɗa maka, ka sayo firiza don Hajiya ta riƙa ƙullin zoɓo da kunun aya, ka ƙara dutsen guga da hita. Waya ta yi ta zafi cikin bango, robarta ta narke a hankali, wata rana cikin dare a maido da wuta da ƙarfi, silin ya kama. Gari ya waye a ce wutar NEPA ce. A'a, wutar dai ta zo ta tarar da tarko ne da aka ɗana tun ranar gini.

Sannan ga janareto. Gida nawa ne cikin gidajenmu ke da makunnin sauya wuta na ƙwarai, wanda ke raba wutar janareto da ta gwamnati? Da yawa waya ce mai kai biyu, a soka ɗaya a janareto ɗaya a soket. In aka manta ba a sauke babban makunni ba, wutar janareton ka za ta koma kan falwaya ta kama ma'aikacin da ke sama yana gyara, ko kuma a kawo wuta su yi karo. Kuma ina wurin ajiye shi? In gidan ba shi da fili sai lungu ko ƙarƙashin bene, to ka sani da tsoron ɓarayi ciki za a shigo da shi, hayaƙinsa kuwa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. Sau nawa muka ji an wayi gari an tarar da iyali guda a kwance? Wannan ma abin dubawa ne kafin saye, ba bayan an tare ba.

Mita ma haka. Kawu bai san an yi wa mitarsa satar hanya ba sai da mai aikin ya nuna masa wayar da ta zagaye ta. Tun farkon 2025 hukumar NERC ta ɗaga tarar irin wannan zuwa naira dubu 100 ga ƙaramar mita a karon farko, dubu 200 ga mai layi uku, ban da biyan abin da aka sha. Ranar da aka zo kamu, wanda aka tarar a gidan shi za a fara riƙewa, tsohon mai gida ya daɗe da tafiya. Balle kuma tsohon bashi da ke kan lambar mitar, wanda sai ka yi ta zirga-zirga kafin ka nuna ba kai ka ci ba. Ɗaukar lambar mita a je ofis a tambaya, aikin wuni ɗaya ne.

Mu ɗaga kai sama kuma. Filin da ya fi araha a garuruwan nan, wanda dillali zai rantse maka cewa tsintuwa ce, sau da yawa ƙarƙashin babbar wayar wuta yake. Doka ta ware wa waɗannan layuka hurumi: faɗin mita 11 ga mai kilobolt 11 da 33, mita 30 ga mai 132, mita 50 ga mai 330. Duk wanda ya yi gini a ciki, ranar rusau ba shi da bakin neman diyya, wannan ma in an tsira da rai. A watan Afrilun 2017 a Kalaba, babbar waya ta tsinke ta faɗa kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo, matasa suka mutu suna kallon wasa. Ba su taɓa komai ba, zama kawai suka yi a ƙarƙashinta. Haka bututun mai. Mu na Ikko ba ma bukatar a ba mu labarin Abule-Egba ta Disambar 2006, ko Ijegun ta Mayun 2008, ko Abule-Ado ta Maris 2020 da ta rushe gidaje da makarantar 'yan mata. Amma har gobe in aka ce wa ɗan uwanmu ga fuloti rabin kuɗi, ba zai tambayi me ke binne a gefensa ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Yanzu mu zo kan gas, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro. Iyayenmu mata da itace da gawayi da risho suka saba, sun san halinsu. Tsadar kananzir ce ta tura mu gas, muka shigo da shi gida ba wanda ya koya mana halinsa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zurare ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a lungu. Warin nan da ake ji ma zuba masa aka yi da gangan don a gane. In ya taru a ɗaki rufe, ba sai an ƙyasta ashana ba, danna makunnin fitila ko tashin firji ya isa. To ka duba irin kicin ɗin gidajen da ake sayar mana: akurki ne ba taga, ko taga ɗaya can sama kusa da silin, wadda hayaƙi za ta fitar amma ba za ta fitar da abin da ke kwance a ƙasa ba. Ga soket dab da murhu. Ga ƙarafa a kowace taga, ƙofar fita ɗaya tal, ita ma ta gaban kicin ake bi. Wa ke cikin gidan nan da rana? Mu maza muna kasuwa. Iyayenmu mata ne da ƙannenmu. Mu muka zaɓi gidan, su za su biya.

In tsohon mai gida ya bar maka tukunyar gas ya ce kyauta, kada ka yi saurin godiya. Tukunya tana da shekaru, hukumar SON ta sa mata iyakar shekara 15, kuma shekarar da aka ƙera ta na buge a jikinta ga mai son dubawa. Wadda ta yi tsatsa a gindi ko aka yi mata walda, fenti ba ya maida ta sabuwa. Tiyo yana tsagewa, kan tukunya yana saki. Gwajin kuwa ba ya cin kobo: ruwan sabulu a shafa a mahaɗa, in ya yi kumfa yana zurara. Wallahi na taɓa ganin babban mutum yana gwadawa da ashana. Sannan ka zagaya bayan gidan ka ga su wa ke maƙwabtaka da kai, domin yanzu kowane layi akwai shagon ɗura gas, wani a jikin bangon ɗakin kwana, gefensa mai walda ko mai suya. Fashewar Nnewi ta Disambar 2015, da ta Sabon Tasha a Kaduna cikin Janairun 2020, da ta Baruwa a nan Ikko cikin Oktoban 2020, duk sun ci mutanen da ba su da hannu a sana'ar, wucewa ko maƙwabtaka ce ta haɗa su.

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su a majalisa.

Na farko, za a ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yi imani da haka, kuma ba ni da ilmin da zan yi jayayya da malamai. Amma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma me ya sa tawakkalin namu ke da zaɓe? Ba mai barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ya ce ƙaddara. Kwaɗo uku muke sawa, mu kuma biya maigadi. Dukiya a ɗaure mata raƙumi, rayukan 'ya'ya a bar su ga ledar burodi a cikin silin? Wannan lalaci ne muka naɗa masa rawani.

Na biyu, za a ce kuɗi. Mutumin da ya biya la'adar dillali, ya biya lauya, ya biya omo onile, ya biya na baale, ya yi walima, shi ne zai ce kuɗin wunin mai aikin wuta ya yi yawa. Kawu ya ƙi kashe kuɗi kaɗan, ya zo ya biya asibiti, ya kuma fasa bango aka sake wayarin gidan gaba ɗaya da kuɗinsa. Da kafin ciniki aka gano, da daga farashin gidan za a cire.

Na uku, za a ce in ka tsaya bincike wani zai riga ka, ko mai gida ya ji haushi. Wannan waƙar dillalai ce, kuma a nan zan faɗi mai ɗaci: yawancin waɗanda ke kai mu ga irin gidajen nan namu ne. Yarenmu ɗaya, sahunmu ɗaya, shi ya sa muke sakin jiki. Dillali la'adarsa yake hange, ba shi zai kwana a gidan ba. Mai gidan da ya hana a buɗe akwatin wutarsa kuwa ai ya riga ya ba ka amsa. In mai goro ya ce ba za a kwance huhu ba, Baba tashi yake ya kaɗe rigarsa.

Na huɗu, za a ce ai akwai yaronmu ya iya wuta. Iya ɗaura fanka daban, iya gwada gida daban. Mai riƙe da tasta kaɗai zai gaya maka akwai wuta ko babu, wannan ko ni na iya. Ana bukatar wanda ke da na'urar auna ko wayar ƙasa na aiki, da ko robar wayoyin cikin bango ta mutu. Akwai hukumar NEMSA da dokar 2015 ta kafa, aikinta ke nan duba haɗin wuta da ba masu sana'ar shaida. Ka tambayi mutum takardarsa, kuma kai za ka kawo shi, kai za ka biya shi, ba wanda mai gida ko dillali ya kawo ba.

Na biyar, wanda ya fi kowanne zama a zuciyarmu: ai zaman Kurmi na ɗan lokaci ne, gidan gaske yana can gida. Shi ya sa za ka ga mutum ya gina na gani na faɗa a Kano ko Sakkwato, ya rufe, ya bar iyalinsa a nan cikin abin da ya samu. Jama'a, Sabon Badun tun 1916 aka kafa ta, yau sama da shekara ɗari. A nan aka haife mu, a nan ake binne kakanninmu. Ɗan lokacin nan yaushe zai ƙare?

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda zai sayi gida, ko ma haya ce ta shekara, kada ya cika kuɗi sai an buɗe akwatin wuta, an hau silin, an tono inda sandar ƙasa take an gani da ido, an kwance soket biyu ko uku, an kai lambar mita ofis, an ɗaga kai an dubi abin da ya ratsa sama, an zagaya an ga maƙwabta. A tafi da uwargida ta ga kicin ɗin da za ta wuni a ciki, a tabbatar akwai wurin ajiye tukunyar gas a waje cikin inuwa, da ƙofa ta biyu, da taga ko ɗaya mai ƙarfen da ke buɗewa. Abin da aka gano a rubuta shi cikin yarjejeniya, ko mai gida ya gyara ko a rage kuɗi. Sarakunan Hausawa da ake kai wa shaidar ciniki, don girman Allah ku riƙa tambaya ko an duba kafin ku sa albarka. Limamanmu, huɗuba ɗaya a kan wannan ba za ta yi yawa ba. Mu kuma matasa, maimakon kowa ya ruga acaba, wasunmu su koyi aikin nan da kyau har su sami takarda, domin al'ummarmu na bukatarsu.

Wanda kuma ya riga ya saya ya tare, bai makara ba. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Makon nan ka kira a duba.

Kawu ya ji zan yi rubutun nan, ya kira ni ya ce, "Rubuta, ɗana, kada dai ka sa sunana." Ban sa ba. Shi ne yanzu duk wanda ya zo masa da zancen sayen gida, kafin ya tambayi farashi sai ya tambaya an hau silin.

Inda na yi kuskure ko na zafafa, a yafe mini. Allah ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da mummunar ƙaddara, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.